Taƙi Ɗaya Zuwa Hagu

Surukata Hilja Kantola ta kai shekara tamanin da ɗaya ba ta taɓa sayen jan nama a kanti ba. Yanzu tana saye, a leda, duk ranar Talata, kuma ni na jawo mata. Amma bari in fara faɗin ko wace ce ita, don in ba haka ba za a ga kamar a kan ɗan guntun ƙarfe nake ta wannan dogon bayani.

An haife ta a 1938, a gidan katakon da ke ƙarshen hanyar tsakuwa, mil goma sha ɗaya daga garinmu, nan arewacin Michigan. Mahaifinta Nestori ɗan mutanen Finland ne, saran itace yake yi a daji kamar kowa a lokacin. Tana da shekara goma sha huɗu gungume ya murƙushe masa ƙafa, shiga daji ya ƙare masa. Gidan babu ɗa namiji, 'yan mata uku ne, ita ce babba. Da lokacin farautar barewa ya zo, ya sa aka sauko masa da bindigarsa, ya auna hannun yarinyar, ya sa zarto ya rage ƙotar da kamar yatsa uku, sannan ya ba ta harsashi biyu. Kafin rana ta yi tsaka ta dawo tana jan barewa a kan dusar ƙanƙara, ta mayar masa da harsashi ɗaya. Tun daga wannan shekarar ba a yi Nuwamban da ba ta kawo nama gida ba, kuma ba a taɓa jin ƙarar bindigarta sau biyu a rana ɗaya ba.

Sauran rayuwarta babu wani abin mamaki. Ta yi shekara talatin da ɗaya tana dafa wa 'yan makarantar garin abincin rana, shi ya sa har yau ƙartin maza masu furfura in sun gan ta sai su gyara tsayuwa. Ta auri Reino Kantola, ma'aikacin mahaƙar ƙarfe, mutumin kirki wanda da bakinsa yake cewa ko bangon rumbu aka ce ya harba sai ya sami na maƙwabci. Aikinsa a daji shi ne riƙe fulas ɗin kofi da jan barewa in ta faɗi. Da ya rasu a 1996, aikin jan ya dawo kaina, tunda ni na auri Norma, 'yarsu tilo. Naman kuwa dafa shi take ta rufe a kwalabe, ta jera a ɗakin ƙasa, ya kai ta har wata shekarar. Duk zuri'ar, Mummu muke ce mata, wato kaka, har ni da na girme wa wasu kakannin.

Ita kuma Farfesa take ce mini, ba don yabo ba. Sunana Wendell, motar ture dusar ƙanƙara na tuƙa wa ƙaramar hukuma shekara ashirin da takwas. Da na yi ritaya na faɗa tara tsofaffin bindigogi, na sayi littattafai, na sayi madubin duba ƙananan lambobi, kaina ya kumbura. Duk inda aka zauna sai na yi wa mutane lacca.

Mu masu tara irin waɗannan kaya doka ɗaya muke bi: kada a taɓa. Tsatsa muna yafewa, ƙarcen ƙaya muna yafewa, har ma muna so. Amma a ce wani ya huda rami ya ɗaura igiyar rataya, ko ya shafa sabon fenti, ko ya canza kusa ɗaya da ba ta masana'anta ba, to darajar ta zube, wani lokacin fiye da rabi. Bindigar da ta kwana shekara ɗari a bayan ƙofa ba ta ciyar da kowa ba ta fi mana wadda ta ciyar da gida. Na san yadda wannan yake a kunne. A lokacin daɗi yake mini.

Ta Mummu ƙirar 1911 ce, irin mai mariƙi a ƙasa da ake ja a ɗora harsashi, kuma samfurin da ba a yi da yawa ba. Amma an yi mata duk laifin da ke cikin littafi. Ƙota a yanke, ramuka biyu na igiya, katakon an shafe shi da man da ake shafa wa kwalekwale. Abin da ya fi tsone mini ido shi ne tsinken saiti, ɗan ƙarfen nan da ke tsaye a saman bakin bindiga wanda mai harbi ke ɗorawa a kan abin da zai harba. Na asali ya ɓata tun kafin a haife ni. Nestori ya yanko nasa daga tsabar santi goma ta azurfa, ya goge da magagari, ya liƙa da dalma, kuma a karkace yake, ya jingina hagu kamar tsoho a jikin katanga.

Mummu ta sha ba da labarin a teburin cin abinci, cewa bindigar ta taɓa zamewa daga keken jan gungume, doki ya taka ta, mahaifinta ya yi mako yana gyara. Ni abin da kunnena ke ɗauka daga labarin shi ne wani abin da zai rage mata daraja. Ban taɓa tambayar kaina me ya yi mako guda yana gyarawa ba.

Wata shekara na kai hotunanta kasuwar bindigogi da ake ci a birnin Marquette, na nuna wa Vern, dillalin da duk muke jin maganarsa. Ya ɗaga tabarau, ya matso da hoton, ya girgiza kai.

“Wane mahauci ne ya yi wa baiwar Allah nan haka?” in ji shi.

Ya ce da an bar ta yadda ta fito, sai a yi musayarta da motar akori-kura mai lafiya, amma a haka injin yankan ciyawa ma sai an roƙi mai shi. Na yi dariya tare da shi, alhali kakan matata ake kira mahauci. A hanyar dawowa na ƙudurta zan mayar da ita yadda take, kaɗan-kaɗan, in fara da tsinken. Na gaya wa kaina don jikoki zan yi. Shekara uku ina nema kafin in sami na asali, na shekarar da ta dace, a cikin gwangwanin tarkacen wani tsoho. Na naɗe shi a auduga na ajiye ina jiran dama.

A tsakanin nan ne aka yi yarjejeniyar. Mummu ta zame a kan ƙanƙara a hanyar ɗakin itace, ta kwanta kusan awa guda kafin ta iya tashi. Hankalin Norma ya tashi, ta dage sai Mummu ta koma Marquette, gidajen da aka gina wa tsofaffi, kusa da asibiti. Aka yi ta kai ruwa rana. A ƙarshe, a gaban kowa, Mummu ta ajiye cokali ta ce, “Ranar da na kasa kawo barewata da hannuna, ba sai kun roƙe ni ba, ni zan kira ku. Kafin nan kowa ya kama harkar gabansa.” Norma ta yarda, don ta san uwarta ba ta magana biyu. Duk garin ya san da wannan magana, har a coci ana tsokanarta da ita.

A Oktoban 2019 mariƙin ya fara cijewa, ta kira ni in zo in ɗauka in wanke. Na wanke, na sa mai, aikin rabin awa. Sannan na ɗaure ta a teburin aiki na ɗauko audugar. Na gasa dalmar, na sa ƙusa na buga, tsinken azurfar ya karye gida biyu ya faɗi cikin ƙurar katako. Ban ko sunkuya ba. Na zura sabon, na auna da ma'auni har ya zauna cif a tsakiya, na ja da baya ina kallo. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin raina.

Duk wanda ya taɓa riƙe bindiga ya san in an taɓa saiti sai an gwada. Amma an daɗe da daina yin harsashin irin wannan bindigar. Mummu ta saye kwalaye biyu na ƙarshe lokacin da kantin kayan ƙarfe na garin zai rufe, tana cin ɗaya a shekara, saura tara. Tana cewa sun ishe ta har ta kai casa'in, bayan nan kuma sai ta koma jifa. Suna cikin gwangwanin kofi a ɗakinta, ba wanda ke taɓawa. In na nemi ɗaya sai na yi bayani, in na yi bayani sai na sha faɗa. Kuma ina ganin ai ba abin gwadawa, abin da masana'anta ta yi a tsakiya, a tsakiya zai harba.

Da na mayar mata, kallo ɗaya ta yi wa bakin bindigar.

“Ina santi goman babana?”

Na ce ya yi lakwakwa, ina taɓawa ya karye, Allah ya sa ina da na asali. Ta daɗe tana juya ta a hannu. Ta kai kafaɗa, ta saita ƙugiyar da ke jikin ƙofa, ta sauke.

“Farfesa, ka gwada ta?”

Na ce na gwada, wai na sami harsashi biyu wurin Vern. Ƙaryar ta fito mini sumul, ban ko yi tuntuɓe ba. Ta ce to, ta zuba mini kofi, ta yanko mini burodin da ta gasa. Na ci yanka biyu.

Ranar sha biyar ga Nuwamba, ranar buɗe farauta, ina zaune a motata a bakin gonarta kamar kullum, igiya da abin ja a baya. Wajen ƙarfe takwas na ji ƙarar, guda ɗaya. Na ƙarasa kofina na taka a hankali zuwa 'yar rumfar da take fakewa a bakin fadama. A al'ada nakan tarar har ta fara feɗewa, tana mini tsiyar na makara. Ranar na same ta tsaye a fili, tana kallon ƙasa. Jinin da ke kan dusar baƙi-baƙi ne, da ɗan koren abin ciki a gauraye. Ba sai an gaya mini ba. Barewar ta fito tana fuskantar dama, ta ɗora mata a bayan kafaɗa, harsashin ya same ta a tumbi.

Kwana biyu muna bin sawu a cikin fadamar, ruwa na fasowa ta ƙarƙashin ƙanƙara har gwiwa. Na ce ta koma gida in bi ni kaɗai, ko kallona ba ta yi ba. Mun ga wurare huɗu da dabbar ta kwanta ta sake tashi. A kowane wuri Mummu takan tsaya, ta daɗe tana duba jinin. A rana ta uku hankaki suka nuna mana. Karnukan daji sun riga mu, saura kai da ƙashin baya. Ta ciro takardar izininta, wadda ake ɗaura wa barewar da mutum ya kashe, ta huda kwanan wata, ta ɗaura a ƙahon. Na ce ai doka ba ta ce haka ba, tana da sauran kwana goma sha biyu kafin a rufe farauta, ta sake gwadawa. Ta ce ita ta kashe ta, ta ƙirgu.

Muna dawowa, a gindin wani icce, ta tsaya tana numfashi. Ba ta juyo ba ta ce, “Ka ce ka gwada ta, ko?”

Nan ne wurin. Ba na yaudarar kaina a kan wannan. Canza tsinken wauta ce, ƙaryar farko tsoro ne, amma a gindin iccen nan na san sarai abin da amsata za ta jawo mata. Na ce, “Na gwada, Mummu.”

Ta gyaɗa kai. “To hannun ne.”

Washegari ta kira Norma da kanta. Bayan mako guda ta aiko mini da bindigar a naɗe cikin bargo, da gwangwanin kofin, harsashi takwas a ciki.

Na yi sati uku ban buɗe bargon ba. Ina ta lallashin kaina cewa wataƙila da gaske hannun ne, mace mai shekara tamanin da ɗaya, ga sanyi, ga kaya masu nauyi. Wata safiya a Disamba na gaji da kaina, na tafi ramin da ake ɗiban tsakuwa, na kafa kwali a yadi sittin, na ɗora bindigar a kan buhun yashi. Na harba uku. Duka ukun suka taru wuri ɗaya, tafin hannu zai rufe su, taƙi ɗaya zuwa hagu har da ɗoriya. Sai a lokacin na gane me Nestori ya yi mako yana yi. Dokin ya lanƙwasa ƙarfen kaɗan, yadda ido ba zai gani ba, shi kuma ya yi ta goge azurfa yana karkatar da ita har ta biya wa bindigar laifinta. Na zauna a bayan mota.

Na je gida na gaya wa Norma komai. Ta zage ni yadda ba ta taɓa yi ba a shekara talatin da biyar na aurenmu, ta shiga ɗaki ta rufe. Da ta fito idonta ja, amma muryarta a kwance. Ta ce kada in kuskura in faɗa. Ta ce in uwarta ta ji, ba mai fitar da ita daga gidan nan sai a akwati, kuma wata rana za a tarar da ita a daskare tsakanin ƙofa da ɗakin itace. Ta ce ita ce za ta tarar, ba ni ba.

Maganarta da gaskiya a ciki, har yau ban ce babu ba. Amma abin da ke cina shi ne yadda na ji a lokacin. Sanyi na ji a raina. An ba ni umarnin yin shirun da dama shi nake so, har da lada a kai.

A watan Mayu aka sayar da gidan ga wasu mata da miji daga kudu, masu son wurin hutu. Ni na ɗauko kwalaben da suka rage daga ɗakin ƙasa. Mummu ta koma hawa na uku a Marquette, tagarta na kallon wurin ajiye motoci. Ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Abin da na lura shi ne ta daina saƙa, kuma kofi da hannu biyu take riƙewa. A kasuwar bazara na bi ta gaban teburin Vern, ya tambaye ni labarin baiwar Allah. Da na ce na sa tsinken asali, ya buga mini kafaɗa ya ce yanzu na zama mutum, saura ƙota, in na samu ya san wanda zai saya ko gobe. Na fita waje na daɗe a tsaye a bakin mota.

Na faɗa mata a watan Yuni, ban shawarci Norma ba. Ba jarumta ba ce, kasa ɗauka na yi, kuma na san na jira har sai da faɗar ba za ta mayar da komai ba. Na kai ta wurin likitan ido, muka dawo, ta ɗora ruwan kofi. Ina tsaye riƙe da hulata na zayyana mata tun daga hotunan da na kai wa Vern har ramin tsakuwa. Ba ta katse ni ba. Ruwan ya tafasa, ta kashe, ta ja kujera ta zauna.

“Nisan nawa?”

“Yadi sittin.”

“Ina suka faɗa?”

“Hagu. Taƙi ɗaya da ɗan wani abu.”

“Duka ukun?”

Na ce duka. Ta rufe ido. Na ga kafaɗarta ta dama ta ɗan ɗaga, na san ta mayar da barewar gabanta tana sake dubawa. Da ta buɗe ta ce, “Ke nan inda na ɗora daidai ne.”

“Daidai ne, Mummu.”

Ta tambaya ko Norma ta sani. Na sunkuyar da kai, ta kalle ni, ta kau da ido. Na jira ta yi maganar gidan, ko ta mahaifinta, ko ta kore ni. Sai ta ɗaga hannunta na dama ta miƙe shi a gabanta, yatsu a buɗe, ta daɗe tana kallo. Ko motsi bai yi ba.

“Kun ɗauka ba na son ɗan Kaisa, ko?” in ji ta.

Kaisa 'yarmu ce, ta haihu a Fabrairu, ɗanta na fari. Duk lokacin da aka miƙa wa Mummu jaririn sai ta ce hannunta da sanyi, ko ta tashi ta shiga kicin. Kaisa ta sha kuka a mota a kan wannan, mu kuwa muka ce tsufa ne, a yi haƙuri. Ban taɓa haɗa abin da ni ba.

“Tsoro nake ji kada in yar da shi,” ta ce. “Wata huɗu. Yanzu har ya fara riƙe wuya, ban san nauyinsa ba.”

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannun nan, na rufe.

“Miƙo mini waya in kira ta,” ta ce. “Kai kuma, Wendell, je ka jira a mota.”